Inna ta tura maganin suga ƙarƙashin katifa saboda ƙwayar kurkum

Assalamu alaikum, Gwaggo. Ni matar aure ce a Tawa, ƴaƴana uku. Gida ɗaya muke da surukata, Inna, maigidana shi ne ɗanta na fari. Shekara 6 ke nan da aka gano tana da ciwon suga, tana shan metformin safe da dare, ga ciwon gwiwa da ya sa take salla a zaune. Wata biyu da suka wuce autanta da ke ci-rani a Abijan ya aiko mata da kwalba uku na ƙwayar kurkum, ya ce jika 20 ya sayi kowace ɗaya. Ya haɗo da muryar wani mutum a WhatsApp mai cewa tana warkar da suga da hawan jini da ciwon daji. Tun ranar Inna ta tura maganin likita ƙarƙashin katifa. Ta ce gwiwarta ta yi sauƙi, kuma gaskiya na ga ta fara ruku'u. Amma ni ke kwana kusa da ɗakinta. Ina jin ƙarar buta sau huɗu sau biyar a dare, tulunta ba ya kwana da ruwa, zobenta ma ya fara zamewa daga yatsa. Da na yi magana sai ta ce, "Ke mi kika sani? Icce ne, Allah ya halicce shi, ba irin na Nasara ba." Maigida ya ce in ja bakina, kada a ce ina baƙin ciki da kyautar ƙanensa. A jikin kwalbar an rubuta miligiram 500, sau biyu a rana, da wata kalma, pipérine. Gwaggo, in yi shiru ne?

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Kada ki yi shiru. Sai dai maganar da za a yi nan gaba ba lallai daga bakinki za ta fito ba, zan zo kan wannan. Bari in fara da butar nan, don ita ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki.

Mai ciwon suga da ya bar magani, ya shiga tashi fitsari sau huɗu sau biyar a dare, ƙishirwa ba ta sakinsa, zobe na zamewa daga yatsa, to sugansa ya hau, wannan ba sai an buga ƙasa ba. Idan suga ya haura wajen giram 1,80 a litar jini, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ta zubar da shi cikin fitsari. Shi kuma ba ya fita shi kaɗai, sai ya ja ruwan jiki ya tafi da shi. Daga nan ƙishirwar take. Ramar kuwa, jiki ne ya kasa amfana da sugan da ke yawo a jini, ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Tsohuwa a irin zafin Tawa, ruwan jikinta na tsiyayewa haka, ba a jira sai kwalba uku sun ƙare. Cikin makon nan a auna ta. In kuwa kika ga ta fara barcin rana ba gaira ba dalili, ko magana ta fara ruɗe mata, ko amai, ko bakinta ya bushe ƙamas, to ba maganar mako ba ce kuma. A nufi gidan likita da ita a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Yanzu ga kurkum. Ba na so ki ɗauka ƙanen mijinki guba ya aiko, ko kuwa abin duk ƙarya ne. Kurkum, wanda wasu ke ce wa gangamau, ɗan'uwan citta ne, kuma mutanen Indiya, waɗanda suka fi kowa noma shi a duniya, tun kaka da kakanni suke zuba shi a miya suna kuma magani da shi. Abin da ke ba shi launin nan mai kama yatsa ya ƙi fita, shi masana suka raɗa wa suna kurkumin. Ɗan kaɗan ne a cikin garin, wajen kashi 3 cikin 100. Shi ake tatsowa a ɗura cikin ƙwaya.

Tun 1815 wasu masana biyu a Faransa, Vogel da Pelletier, suka ware shi daga saiwar. Bayan shekara 5, a 1820, shi dai wannan Pelletier ɗin da abokin aikinsa Caventou suka fitar da kinin daga ɓawon wani icce na Kudancin Amurka. Kin ga hannu ɗaya ya fito da su biyun. Kinin ya zama magani, babu gidan da bai san ɗacinsa ba a ƙasar nan. Kurkumin kuwa shekara 200 da ɗoriya yana tsaye a bakin zaure, ba a ce masa bisimilla ba. Babu hukumar magunguna a Turai ko Amurka da ta amince da shi a matsayin maganin suga ko na daji.

Kuma ba ƙin binciken sa aka yi ba. A ɗakin gwaji, in an ɗiga shi kan ƙwayoyin halitta cikin ɗan faranti, abin mamaki yake yi: yana rage kumburi, yana kashe ƙwayoyin ciwon daji. Daga irin wannan labari masu talla ke tsinto rabin gaskiyarsu. Matsalar tana farawa ne idan mutum ya haɗiye shi. Ki gwada da kanki, ki zuba garin kurkum a kofin ruwa ki gauraya ki ajiye, za ki tarar ya kwanta a ƙasa. Ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotsar sa sai ɗan mitsitsi, ɗan abin da ya shiga ɗin ma hanta ke maza ta sauya masa kama ta fitar. Sauran ya bi bayan gida. A 2017 wasu masana harhaɗa magunguna a Amurka suka bi diddigin gwaje-gwaje fiye da 120 da aka yi a jikin mutane, suka ce ba su ga ko ɗaya mai ƙwari da ya tabbatar da shi a matsayin magani ba. Banda haka, wani fitaccen mai bincike a jihar Texas, wanda aikinsa ya fi yayata maganar kurkumin da ciwon daji, an janye takardunsa da dama bayan an gano an taɓa hotunan sakamakon. Mai muryar WhatsApp ba zai faɗa wa Inna wannan ba.

Amma a yi wa kurkum adalci. Gwiwar da Inna ta ce ta yi sauƙi, ban ƙaryata ta ba. An yi ƙananan gwaje-gwaje na ƴan makonni ko ƴan watanni a kan masu ciwon gwiwar tsufa, kuma an ga ciwon ya ɗan lafa wa wasunsu. A nan ne shaidarsa ta fi ɗan kauri. Ta wajen suga ma akwai wani gwaji da aka buga a 2012 daga ƙasar Tailan, wanda masu sayarwa ke yawan kafa hujja da shi. Mutum 240 aka raba gida biyu na tsawon wata 9. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar banza, wadda ba magani a cikinta, kashi 16 cikin 100 suka kamu da suga, cikin masu shan kurkumin ba wanda ya kamu. Abin sha'awa ne, ni ma na yarda. Sai dai ki lura da waɗanda aka gwada: mutanen da ke bakin kamuwa ne, ciwon bai riga ya shige su ba. Tare ɓarawo a ƙofa daban, fitar da wanda ya shekara 6 a ɗaka daban. Gwajin bai ce mai suga ya ajiye maganinsa ba.

To ɗauko kwalbar, mu karanta ta tare.

Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da na Turai sun tsayar da abin da mutum zai iya ci na kurkumin kullum ba tare da fargaba ba: miligiram 3 ga kowane kilo na nauyinsa. In Inna kilo 60 ce, miligiram 180 ke nan a rana. Kwalbarta na ba ta 500 sau biyu, 1000 cif, ninki biyar da wani abu. Ƙaramin cokalin garin kurkum da kike zubawa a shinkafa, kurkumin ɗin da ke cikinsa wajen miligiram 100 ne, kuma gida guda ke raba shi. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa na tukunya abinci ne, a ci a more. Na kwalba kuwa lissafinsa dabam.

Kalmar nan da kika gani, pipérine, sinadarin yajin masoro ne. A 1998 aka yi wani gwaji a Bangalore ta Indiya, aka haɗa giram 2 na kurkumin da miligiram 20 nasa, sai abin da ya shiga jini ya ninka har sau 20. Tun daga nan kamfanoni suka kama zuba shi suna rubutawa da manyan baƙaƙe. Yadda yake wannan aiki shi ne ya rage wa hanji da hanta saurin fitar da abin, wato ya kama hannun mai gadi. To mai gadin nan ba don wasa aka ajiye shi ba. A 2019 aka samu mutum wajen 20 a Italiya da kumburin hanta bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi. A 2022 hukumar lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta fito ta yi kashedi a kansu, musamman waɗanda aka ƙara wa ƙarfin shiga jini, ta ce mai matsalar maɗaciya ya guje su, haka mai shan maganin tsinka jini ko na daji. Ba kowa abin ke samu ba, ƙalilan ne, kuma galibi hanta na farfaɗowa in an daina da wuri. Amma a ƙasarmu mutane nawa ke yawo da ciwon hanta nau'in B ba su sani ba? Ki riƙa duba farin idon Inna da hasken rana. In ya fara komawa ɗorawa, ko fitsarinta ya yi duhu kamar shayin farko, ko ta shiga susa, ko abinci ya fita ranta, a tsayar da ƙwayar nan take a kai ta a auna hanta. Kada shawarar WhatsApp ta zame mana ciwon shawara.

Maganar "icce ne" kuwa, zaƙami ma icce ne, tumfafiya ma haka, ba wanda ke kaɗa miya da su. Amma kada ki kuskura ki ba Inna wannan amsa, rashin kunya za ta ji a ciki, ba hujja ba. Ga wadda ta fi ta daɗin ji, kuma gaskiya ce: maganin da ta tura ƙarƙashin katifa shi ma jikan icce ne. Akwai wata ciyawa a Turai mai suna galega da magabatansu ke ba mai yawan fitsari da ƙishirwa. Daga sinadarinta aka bi sawu har aka kai ga metformin, kuma wani likitan Faransa, Jean Sterne, shi ya gwada shi ga masu suga a 1957. Maganin zazzaɓin da ake ba jikokinta yau, irin su Coartem, tushensa wata tazargade ce ta ƙasar Sin, wadda wata masaniya, Tu Youyou, ta tatso sinadarinta har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Duk daga ƙasa Allah ya tsiro da su. Abin da ya bambanta su da kwalbar Abijan, su an auna, an san nawa ke warkarwa, nawa ke cutarwa.

Yanzu mu koma cikin gida, inda ainihin aikin yake.

Ki fahimci abin da kwalbar nan take a wurin Inna. Autanta ne, wanda ya bar Adar ya tafi neman na kansa, ya tsakuro jika 60 daga guminsa ya tuna da gwiwar uwarsa. Duk safiya in ta buɗe murfin, shi take gani. Ke kuma kika zo, surukar gida, ƙaramar yarinya a idonta, kika ce abin ba shi da kyau. Ko likita ce ke, a wannan gurbin ba za ta ji ba. Mijinki ma kada ki yi saurin ganin laifinsa. Ɗan fari ne, tsakaninsa da Inna akwai kunya, ko sunansa ba ta kamawa, ga shi kuma ba ya so a ce ya raina abin hannun ƙanensa. Tsoron da yake ji na gaske ne, sai dai bai kai na butar dare ba.

Don haka ki bar zancen kwalba gaba ɗaya, ki kama zancen awo. Ki samu maigida bayan ya ci abinci hankalinsa kwance, ki ce masa: "Baban yara, ni ban ce maganin ba shi da kyau ba. Tunda Inna ta wata biyu tana sha, mu je a auna mu ga inda ya kai ta. In ya sauka, mu yi wa ƙanenka albishir." Wa zai ƙi wannan? Ita ma Inna, in ta yarda da maganinta, za ta so a gani. Gani ya kori ji. A je da safe kafin ta sa komai a baki, ko fura. Abin da likitoci suka fi nema ga mai suga a irin wannan awo shi ne tsakanin giram 0,80 da 1,30 a litar jini, wasu na'urorin kuma 80 zuwa 130 suke nunawa. Akwai wani awon jini da ke faɗin yadda sugan ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ku roƙa a yi mata, don shi ba a yi masa wayo da azumin kwana ɗaya. Ku tafi da kwalbar da tsohon maganin duka a leda, a ajiye gaban likita. A gaya masa ranar da ta daina, ba ɓoye-ɓoye. Shi zai duba ƙoda da hanta, ya faɗi yadda za a koma kan magani da adadin da za a fara da shi. Kada ku zaro na ƙarƙashin katifa ku ci gaba da ka.

In lamba ta fito, kuma ina kyautata zaton za ta fito da tsayi, ba ke za ki yi magana ba. Ko a fuska kada a ga "ai na faɗa". Maigida ya kira ƙanensa, ya fara da godiya da sa albarka, sannan ya karanta masa lambar. Wanda ya ɗaura shi ya fi iya kwancewa, kuma Inna abin da ba za ta karɓa daga bakin kowa ba za ta karɓa daga bakin auta. Shi ma yaudarar sa aka yi, da kyakkyawar niyya ya saya, a bar masa hanyar fita da mutuncinsa. A ce masa in zai sake aike, ya aiko da na'urar auna suga da tsinkayenta, ko kuɗin awo da na magani. Sai ta zama na'urar auta, tana kan kwalla a ɗakin Inna, kowa ya zo a nuna masa. Kyautar ba ta mutu ba ke nan.

Akwai tambayar da ban ga kin yi wa Inna ba: me ya sa ta yi saurin rabuwa da maganin likita? Metformin na sa wasu gudawa da tashin zuciya da ɗanɗanon ƙarfe a baki, kuma dattijuwa ba za ta zauna ta gaya wa ɗanta na fari tana zawo ba. Ke za ta iya gaya wa, in kin tambaya a hankali kina matsa mata ƙafa. In haka ne, gyaran mai sauƙi ne: a sha a tsakiyar cin abinci, ko likita ya rage sannan a riƙa ƙarawa sannu-sannu. Wataƙila kuma gajiya ce kawai. Shekara 6 kullum ƙwaya, ba ranar gamawa, sai ga wani ya ce kwalba uku ka warke. Ni ma da zan so in ji haka. Ciwon suga irin nata lallaɓa shi ake yi, kuma gara ta ji wannan daga mai tausayinta.

Abu biyu na hana ki. Kada ki sace kwalbar ki ce ta ɓata, kada kuma ki daka maganin likita ki zuba mata a fura a ɓoye. Ranar da ta gane, ko ruwa kika miƙa mata sai ta shinshina, kuma a gidan miji irin wannan tabo ba ya gogewa.

Gwiwa kuma kada a manta da ita, don in ciwon ya dawo, kwalbar za ta dawo. Ku tambayi likita abin da ya dace da mai suga. Kada a maye gurbin kurkum da jan ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a tire, irin su diklofenak, waɗannan ƙoda suke ci, ita kuwa ƙodar mai suga da ma a takure take. Tukunya a hannunki take, ki riƙa sa mata kurkum a miya da shinkafa da ɗan mai da masoro, ki ce ga icen nan nata ba a bar shi ba. In da hali ki sayi saiwar ki daka da kanki. A Bangaladash an taɓa gano masu sarrafa shi na shafa masa fenti mai gubar dalma don ya ƙara kyau, garin da ya cika sheƙi ni ba na yarda da shi. Sugan da ake zuba wa furarta da shayinta kuma a janye shi kaɗan-kaɗan, ba rana ɗaya ba.

Daren yau in kin kai mata ruwan alwala, ki tsuguna ki haska ƙafarta da fitilar waya, tafin da dunduniya da tsakanin yatsu. Sugan da ya daɗe a sama yana kashe jin ƙafa, ƙaya ta soki mutum bai sani ba sai ya ga ruwa na fita. In kin ga faso ya buɗe ko wani ɗan miki, komai ƙanƙantarsa, gobe za a tafi, ba jibi ba. Ki rubuto mini lambar da na'ura ta nuna. Allah ya ba Inna lafiya, ki gaishe ta.